Mu sittin ne a guruf, mu bakwai ne a bakin kwata

Wani ƙanenmu ne daga Birnin Kebbi ya turo min wanga saƙo, ya roƙi kar in kama sunansa ko na unguwarsu, toh na bari. Na ɗan taƙaita shi amma ga gundarin abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nike nema. Bayan ambaliyar 2020 da ruwa ya shiga gidajen unguwarmu munka haɗu mu matasa munka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Farkon abin kamar ranar sallah, randa munka fara yashe kwata har tsofaffi sun fito da shebur. Yanzu mu sittin da ɗoriya ne a guruf ɗin WhatsApp amma in an kira mitin mutum bakwai ko takwas ke zuwa, su ma sai na bi su da waya. Kuɗin wata naira 500 ne amma ba a biya, ni ke cikawa daga aljihuna har maiɗakina ta fara magana. Lokacin zaɓe wani ɗan takara ya ba mu kuɗi, tun daga nan wasu ke cewa mun ci, alhali wallahi baro da shebur da manjagara na saya. Yara matasa in na gayyace su sai su ce mi za mu samu. Ni ne shugaba ni ne sakatare ni ke riƙe kuɗi don ba mai tsayawa. Ina tunanin ko in sa tara ga duk wanda bai zo ba, ko in cire su daga guruf in nemo sabbi, ko in haƙura da abin gaba ɗaya. Na gaji Yaya."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai sannu da ƙoƙari, Allah shi saka maka da alheri shi sa a mizani. Wannan "na gaji" da ka rufe saƙonka da ita na ji ta har cikin raina don na san irin gajiyar, ita ce wadda za ka shimfiɗa tabarmi biyu a ƙofar firamare bayan la'asar ka zauna kana duba waya kana duba hanya, wanda ya ce gashinan tafe bai iso ba, wanda ya ce yana kan mashin wayarsa ta daina shiga, har a kira magariba tabarma ɗaya ma ba ta cika ba, ka naɗe kayanka ka tafi gida ba ka son kowa ya yi maka magana. Na sha zama irin wannan zaman. Amma tunda shawara ka nema bari in gaya maka abin da na gani a cikin saƙon naka ko da zai ɗan yi ɗaci.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda ka ce kai ne shugaba kai ne sakatare kai ne ma'aji. Kai a ganinka mutane ne sunka gudu shi ya sa ka ɗauke komai, ni kuma inaga ɗauke komai ɗin da ka yi yana cikin abin da ya sa sunka ja da baya, abin ya zama kamar zobe, suna ja baya kana ƙara ɗauka, kana ƙara ɗauka suna ƙara ja baya. Ka tsaya ka duba da idon wanda ke cikin guruf ɗin. In ya zo mitin mi zai yi? Zai zauna ya saurare ka, ka karanta abin da kai ka rubuta, ka faɗi abin da kai ka saya, a yi addu'a a tashi. In bai zo ba mi zai lalace? Ba komai, don ya san kana nan za ka yi. Toh ɗan Adam ba ya daɗewa a wurin da zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne, ko da yana son wurin kuwa.

A unguwar da na tashi akwai wani dattijo, Allah shi jiƙan rai, shi ke riƙe mabuɗin ɗan ɗakin da ake aje kayan maƙabarta, diga da shebur da makara da bokitai. Mabuɗin yana ɗaure da wata 'yar igiya baƙa a aljihun 'yar cikinsa, in zai fiddo shi sai ya ɗan karkata gefe ɗaya ya jawo igiyar a hankali. Tsohon nan bai iya karatun boko ba, ban taɓa jin ya yi dogon jawabi a taro ba, amma a tsawon shekarun da na sani ban taɓa ganin an yi aikin gayya a maƙabarta ba ya nan ba, ko zazzaɓi yake sai ya lallaɓo ya buɗe ya zauna a inuwa yana ƙirga shebur nawa sunka fita don ya tabbata sun dawo. Ba wanda ya taɓa sa masa tara. Ya san in bai zo ba mutane za su tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, wannan sanin shi ke tayar da shi. Kai kuma duk mabuɗan ƙungiyarku suna aljihu ɗaya.

Ka dubi 'yan agaji, na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa tun 1962 ko na Izala da aka kafa 1978 ko na Fityanu, ka tambayi kanka mi ke riƙe yaro ya tsaya cikin rana a filin idi ko wurin tafsiri ba albashi. Lada na nan kam, amma kai ma aikinka ai na lada ne. Abin da sunka fi ku shi ne kowane ɗaya yana da wurin tsayuwarsa, wanga ƙofar mata, wancan wurin aje mashina, wancan gyaran sahu, yana da kaki yana da usur yana da na gaba da shi wanda in bai gan shi ba zai tambaya ina wane. Ba sai kun ɗinka kaki ba amma wancan "ina wane" ɗin dole ku samar da shi.

Saboda haka abu na farko da nake so ka yi, kuma ina so ka yi shi a cikin satin nan, ka daina ƙirga sittin. Sittin ɗin nan lambobin waya ne, taron tsintsiya ba shara. Ƙungiyarka mutum bakwai ce, kuma bakwai ba kaɗan ba ne wallahi. Ƙungiyar Rotary da ake jin sunanta duniya duka, a 1905 wani lauya Paul Harris ya fara ta a birnin Shikago na Amurka su huɗu kacal, suna zagayawa yau a ofishin wanga gobe a ofishin wancan, daga wannan zagayen ma sunan ya samo asali. Kira bakwai ɗin nan, ba a guruf ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ko ka tara su wurin mai shayi, ka gaya musu gaskiya cewa ka gaji kuma ba za ka ƙara riƙe muƙami uku ba. A nan take a fitar da ma'aji a fitar da sakatare a fitar da mai riƙe kayan aiki da mai kula da zumunci, wato wanda zai riƙa sanin wa aka yi wa haihuwa wa ke kwance wa aka yi wa rasuwa. Kuma in ka ba mutum aiki ka sakar masa mara ya yi, ko da bai yi yadda kai za ka yi ba. Wannan wurin ne ya fi wuya ga irinku masu himma, sai ka ga sakatare ya yi jinkirin tura sanarwa kai ka riga shi turawa, toh daga ranar ka sake karɓe mabuɗin ba ka sani ba.

Sauran hamsin da wani abu ɗin kuma kar ka cire kowa. Su jama'ar gayya ne kuma suna da ranarsu. Ka ga bikin kamun kifi na Argungu, tun 1934 ake yinsa, randa aka ba da izini dubban mutane ne ke rugawa cikin kogin Matan Fada da goruna da homa, amma kafin ranar akwai Sarkin Ruwa da 'yan mutanensa da ke kula da ruwan, ba dubbai ba ne su. Kowane aikin jama'a haka yake, akwai 'yan kaɗan masu riƙe shi kullum, akwai masu yawa da ke fitowa ranar da aka buga ganga. Kuskuren da kake yi shi ne kana so masu ranar ganga su zama masu zaman mitin, ba za su zama ba, kuma ba don su mutanen banza ne ba. Ai kai da bakinka ka ce ranar yashe kwata har tsofaffi sun fito. Mi ya fito da su? Ruwa ya shiga ɗakunansu, sun ga katifa ta jiƙe sun ga katanga ta zube, damina ce da ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan ba adadi, kowa ya san abin da ake kiransa ya yi kuma ya san yaushe za a gama. Daga baya sai kunka koma kiran mitin, mitin kuma ba ya da ƙarshe kuma ba a ganin abin da ya haifar.

Yanzu maganar yaran da ke ce maka mi za mu samu. Na san tana yi maka ciwo, kana jin kamar tarbiyya ce ta lalace. Ni ban ɗauke ta haka ba ƙanena, tambaya ce mai kyau kuma kakanninmu sun amsa ta tun kafin a haife mu. Gayyar noma da muke yabo ai ba kyauta zalla ba ce. Mai gona zai dama fura ya sa a tuƙa tuwo, wani har makaɗa yake kira su tsaya bakin kuyya suna zuga samari, sannan babban abin shi ne kowa ya san in an gama gonar wane za a zo tasa. A ƙasar Zuru ka ji labarin golmo, samari su haɗu su yi ta noma a gonar surukan ɗayansu shekara da shekaru, abin da ke riƙe su shi ne kowa ya san nasa juyin na zuwa. Adashin da iyayenmu mata ke yi shi ma haka, ba mai fasa zubi don ta san ranar kwasarta. Toh a ƙungiyarku ina juyin ɗan ƙungiya? In matar ɗayanku ta haihu kuna zuwa suna a ƙungiyance? In mahaifin wani na kwance a asibitin Sir Yahaya akwai wanda ke leƙawa da ɗan abin hannu? In yaro zai cike fom ɗin JAMB ko na neman aiki akwai wanda zai zauna da shi ya duba masa? In ɗan kabu-kabun cikinku ya yi hatsari wa ke tsaya masa? Wanda aka je wa gaisuwar mahaifiyarsa mutum goma cikin sahu ɗaya aka ce daga ƙungiya muke, wallahi da wuya ya manta, kuma duk randa aka ce a fito kwata zai fito. Saboda haka in yaro ya sake tambayarka kar ka yi masa wa'azi, ka ce masa za ka samu mutanen da za su tsaya maka ranar da kake buƙata, kuma ka tabbata maganar gaskiya ce kafin ka faɗe ta.

Akwai kuma abin da matashi ke so wanda ba kuɗi ba, a san da shi. A ba shi wayar ƙungiya ya ɗauki hoton kwatar kafin a yashe da bayan an yashe ya sa a guruf, a ambaci sunansa a gaban mai unguwa a ce wane ne ya kawo baro biyu aro, birkila na cikinku ya nuna masa yadda ake ɗaure bulo lokacin gyaran katangar maƙabarta. Kuma dan Allah ranar aiki kar a bar mutane da yunwa, ko ƙosai ne da kunu, ko buhun fiya wata biyu da shayi, a sa shi cikin lissafin aikin tun farko kamar yadda ake sa siminti.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan zan ɗan tsaya don ita ce ke kashe ƙungiyoyi fiye da komai. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa baro da shebur ka saya. Amma ka tambayi kanka wa ya ga kuɗin lokacin da aka kawo su, wa ya ƙirga tare da kai, wa ya raka ka kasuwa, ina rasit. In amsar ita ce ba kowa, toh ka bar ƙofa a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rantsuwa ba ta rufe irin wannan bakin, takarda ke rufe shi. Ka zauna da sabon ma'aji da sakatare ku rubuta duk abin da ya shigo tun farko da duk abin da ya fita gwargwadon abin da kake iya tunawa, har da wanda ka cika daga aljihunka, a fito da baro da shebur ɗin a jera su a gaban mutane a ƙirga, a karanta takardar a gaban mai unguwa da limami da duk wanda ya zo, a ɗauki hotonta a sa a guruf. Inda ka manta ka ce na manta. Za ka ji nauyi ranar, wani ma zai yi maka tambaya mai zafi, ka daure ka amsa ba fushi, sau ɗaya ne. Daga nan kuma kar kuɗin ƙungiya ya sake shiga asusunka na Opay ko na banki ko aljihunka ko da na kwana ɗaya ne. Littafi guda mai bango mai kauri, kowane shigi da fici a rubuta da kwanan wata, mutum biyu su sa hannu, ƙarshen kowane wata hoton shafin ya shiga guruf ko da naira dubu biyu ce ta shigo. In abin ya girma kuna son asusun banki da sunan ƙungiya to akwai rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ana buƙatar tsarin mulkin ƙungiya a rubuce da sunayen amintattu da sanarwa a jarida, kuma tana cin kuɗi, ni dai ba zan ce ku fara da ita ba, ku fara da sanin mai unguwa da hakimi da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, sauran ya biyo baya in kun tsaya da ƙafafunku.

Shi kuma ɗan siyasa, ka riga ka ɗanɗana. Unguwa ɗaya ce amma ba jam'iyya ɗaya ba, randa aka ga kun karɓi ambulan ɗin kuɗi daga hannun ɗan takara rabin mutanenka sun ɗauka an sayar da su ko ba su faɗa ba. Zaɓe kuma zai sake zagayowa, za su dawo. Ku yanke hukunci tun yanzu ku rubuta shi, duk mai son taimakawa ko wane ne shi ya kawo kaya, siminti ko yashi ko bututun kwalbati, ya sauke da rana tsaka a gaban jama'a a gode masa a rubuta, ba kuɗi a hannu ba, kuma ranar aikin ƙungiya ba hular jam'iyya ba fasta. Kowa na da 'yancin yin siyasarsa amma ya bar ta a gida in zai zo kwata.

Tara kuwa, a'a. Kar ka sa. Wanda naira 500 ta gagare shi ko ya ƙi biya, in ka ɗora masa wata 200 ta rashin zuwa bashi kawai ka tara masa, mai bashi kuma kauce wa mai binsa yake, sai ka ga mutumin da da yake gaishe ka yanzu in ya hango ka sai ya canza lungu. Kuma ka yi wa mutane adalci, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mashin da na cefane sunka koma, akwai magidancin da 500 ɗin nan ita ce kokon yaransa na safe, kunya ce ke hana shi zuwa mitin don ya san za a karanta sunan waɗanda ba su biya ba. Ku buɗe ƙofofi da yawa, mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai ƙarfi ya ba da awa biyu, manomi in an yi girbi ya kawo kwano ɗaya na shanshera a tara a sayar ko a kai gidan marayu, mai kurar ruwa ya kawo jarka huɗu ranar kwaɓa siminti, kuma duk a rubuta su a littafi ɗaya da daraja ɗaya.

Mitin ɗin ma ku rage shi. Sau ɗaya a wata ya isa ga bakwai ɗin nan, a fara kan lokaci ko mutum uku ne, kar ya wuce tsakanin la'asar da magariba, kuma kar a tashi sai kowa ya san abin da ke wuyansa. Ku duba lokacin mutane, mai noman rani yana fadama yana ban ruwa ba za ka same shi da hantsi ba, ɗan kasuwa ranar kasuwarsa ba ta taɓuwa, cikin azumi ba a kiran aikin ƙarfi. Guruf ɗin kuma a tsabtace shi, in ya cika da bidiyon siyasa da "tura wa mutum goma" mutane kashe masa sauti suke yi, sanarwarka ta gaske sai ta nutse a ciki.

Toh ta ina sabbi za su zo? Ba ta "ana gayyatar kowa da kowa" ba, gayyatar kowa ba ta kowa ba ce, duk wanda ya karanta zai ɗauka da wani ake. Ka taka ka je wurin mutum ka kira sunansa ka ce Malam wane, ranar Asabar bayan asuba za mu buɗe kwalbatin nan na bakin masallaci da ke toshewa, awa biyu ne, kai ke da baro muna so ka zo da shi. Abu ɗaya, rana ɗaya, da dalilin da ya sa shi ɗin ake so. Kar ka ce masa ya shiga ƙungiya, kar ka kawo masa fom, bari ya zo ya yi zufa tare da ku ya sha kunu ya ga ruwa ya wuce ta inda da yake tsayawa, bayan kwana biyu wani ya bi shi har gida ya ce mun gode, sai a karo na biyu ko na uku a ce masa ko za ka riƙe mana kaza. Kuma kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya zo da mutum ɗaya tak wanda yake jin nauyinsa, abokinsa ko ƙanensa ko maƙwabcin shagonsa, kaga kun zama sha huɗu ba tare da an buga fasta ba.

Sannan ka faɗaɗa ido, don na lura duk maganarka a kan matasa maza take. Ina 'yan fansho, tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke zaune a ƙofar gida suna da lokaci suna da mutunci kuma sun iya riƙe littafi? Irinsu ne ma'ajin da ba mai yi wa zargi. Ina mata? Ba sai sun zo tabarmarku ba, malamar Islamiyya da ungozomar unguwa sun fi ku sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba da gidan da mai ciki ba ta zuwa awo, ku nemi su kafa nasu ɓangaren da nasu shugabanci ku riƙa haɗa hannu. Ina Bazabarmen da ke sayar da kaya a bakin titi, da Badakkaren ma'aikacin da ke haya a layinku, da Bayeraben mai gyaran mota da ɗan Ibo mai kemis? Ruwan da ya shiga ɗakinka ya shiga nasu, sau da yawa jira suke a ce musu bismillah. Ga ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya, ga masu bautar ƙasa da dama can tsarinsu ya ware musu rana a mako don aikin raya al'umma, su dai ka sani baƙi ne shekara ɗaya za su yi su tafi, ka amfana da su amma kar ka ɗora ginin a kansu.

Akwai wani aiki da nake ba ƙungiyoyi irin taku shawara su riƙe don ba ya cin kuɗi kuma yana sa kowa ya ji yana da amfani, shi ne rajistar masu ba da jini. Ku je asibiti a gwada rukunin jinin duk mai so, a rubuta suna da rukuni da lambar waya a hannun mutum ɗaya amintacce. Lafiyayyen da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa, namiji kamar bayan kowane wata uku, ma'aikatan lafiya za su duba shi kafin su ɗiba. Daren da aka bugo waya aka ce matar wane ta zubar da jini wurin haihuwa ko yaro mai sikila na buƙata, ɗan ƙungiya ya hau mashin ya je ya bayar, gobe unguwa duka ta ji, kuma mijin matar nan ba sai ka gayyace shi ba.

Waɗanda sunka daina zuwa kuma, musamman na farko-farkon da kunka fara tare, ka zaɓi biyar ka je musu gaisuwa, gaisuwa kawai, kar ka ce mi ya sa ba ka zuwa. In hira ta yi hira ka ce wane dan Allah mi muka yi ba daidai ba, sai ka yi shiru ka saurara kar ka kare kanka. Za ka ji abin mamaki, wani wata magana ce aka yaɓa masa a guruf shekara biyu da ta wuce ba wanda ya ba shi haƙuri, wani shawara ya kawo aka share, wani aure ya yi nauyi ya ƙaru. Ba duka za su dawo ba kuma ba komai, amma ko ba su dawo ba bakinsu zai daina zafi a kanku.

Maiɗakinka tana da gaskiya ƙanena, kuma ina so ka gaya mata haka da bakinka. Kuɗin cefane haƙƙinta ne da na yaranka, wajibi ne a kanka, na ƙungiya kuwa sa kai ne. Ka yanke abin da za ka iya bayarwa a wata kamar kowa ka tsaya a nan, in kuɗin aiki bai cika ba a rage aikin ko a ɗaga shi, bari mutane su ga gurbin da idonsu, don muddin kana cikewa a ɓoye ba wanda zai san akwai rami. Batun barin ƙungiya kuma ban goyi baya ka tafi cikin fushi ba, amma ina goyon bayan ku sa wa'adi, shekara biyu misali, a yi zaɓe wani ya hau kai ka koma riƙe abu ɗaya da kake jin daɗinsa, kuma tun yanzu ka jawo wani yaro mai hankali kusa da kai yana ganin yadda ake shiga wurin hakimi da yadda ake rubuta takarda.

Kafin ruwan farko ya sauka ku zaɓi kwalbati ɗaya, ɗaya tak, wanda kowa a unguwa ya san shi ke maido da ruwa cikin gidaje. Ku sa rana, a sanar a masallaci bayan sallar isha'i, mai unguwa ya sani, kowane cikin bakwai ɗin ya san abin da zai zo da shi da wanda zai zo da shi, a tanadi inda za a kwashe dattin a kai don kar a tara shi bakin kwata ruwa ya maida shi ciki, a samo safar hannu da takalman roba ko aro ne saboda fasassun kwalabe. Kai kuma ranar ka riƙe shebur kawai, kar ka riƙe littafi kar ka riƙe kuɗi. In kun gama ka sake rubuto min ka gaya min mutum nawa sunka fito da wa ya riƙe mabuɗin kayan, ina jira insha Allahu. Ka gaishe min da iyali.